Waliyyin da Na Gano a Bayan Gari

A shekarata ta biyu a Madina, ina tuƙa tankar ruwa zuwa wani sansanin ma'aikata a wajen iyakar Harami, na gano waliyyi. Wani mai walda ne ɗan ƙasar Tailan. Kullum da hantsi sai in tarar da shi zaune da carbi, ido rufe, yana maimaita wasu kalmomi cikin murya mai sanyi. Ban taɓa ganin fushinsa ba. Ranar da mudir, wato manajan sansanin, ya zazzaga masa masifa ma, murmushi kawai ya yi.

Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina wajen gane bayin Allah. Na cika unguwar Bani Harisa da labari, har na ɗauko Kawu Sale, mai fama da ciwon gwiwa, don a tofa masa addu'a.

Kawu ya durƙusa da ƙyar, ya ce, "Ya shaikh, wace ɗariƙa ce?"

Mutumin ya amsa da guntun Larabcinsa cewa shi mabiyin addinin Buda ne. Ya ce kalmomin suna kwantar masa da zuciya, suna kashe masa fushi. Ya kama Kawu ya miƙar da shi, ya ba shi man zafi na ƙasarsu.

A mota Kawu ya ce, "Wallahi mutumin kirki ne. Amma kai, wata shida ba ka lura bai taɓa shiga sahu ba?"

Gwiwar dai ta yi sauƙi. Ni kuwa har yau in na shiga majalisa sai a ce, "Ku matsa, ga halifan Tailan."