Makullin Banɗakin Kansila

Ba zan taɓa mantawa da Talatar da na je kamfen a wata 'yar kasuwa da ke hanyar Gwallameji ba. Har gobe in keke ya biyo da ni ta wurin, sai in sunkuyar da kai in yi kamar ina duba waya.

Ni malamin firamare ne, kuma Allah ya hore mini baki (matata ta ce da shi kaɗai na aure ta, don lokacin ko katifar kirki ba ni da ita). Da zaɓen kansiloli ya matso, wani Alhaji mai neman kujerar mazaɓarmu ya kira ni. Ya ce in dai na jawo masa ƙuri'un masu dako da matan da ke sayar da kayan miya a kasuwar, to ni ne sakatarensa. Sakatare fa! Tun a ranar tafiyata ta canza.

Abokin karawarmu shi ne kansila mai ci, wani bawan Allah da ba ya iya jera magana uku a gaban taro sai gumi ya jiƙa shi. Ba kirari, ba waƙa. Abu ɗaya ya yi a kasuwar: banɗaki mai ƙofa huɗu. Na ce to, banza ta faɗi.

Da safe a gidan Alhaji aka kawo fura da nono. Na ji ta yi tsami fiye da kima, amma kyauta ce, na shanye ƙwarya guda har da suɗe ludayi.

Muna isa kasuwar na haye benci, na karɓi abin magana, aka ƙure lasifika. "Talakawa 'yan uwana! Masu ci da guminku! Musulmi da Kirista, uwa ɗaya uba ɗaya muke!" Tafi raf-raf. Kaina ya kumbura. Na ce, "Me kansilanku ya tsinana muku? Masai! Jama'a, masai ake ci?" Aka kwashe da dariya.

Sai wata dattijuwa ta ɗaga hannu. Mama Rifkatu ce, shugabar mata masu kayan miya, mutuniyar Bogoro, yawancin matan ma daga can kudancin jiha suke. Ta ce, "Malam, ku maza kuna da kewayen masallaci. Mu kam kafin a gina wannan, ko ruwa ba mu sha tun safe, sai mun koma gida da yamma."

Da mai hankali ne, da ya yi shiru. Ni kuwa na ce, "Mama, manyan maganganu muke yi yau, a bar zancen masai!"

Ban rufe baki ba cikina ya ce ƙululu. Na daure. Ya sake murɗawa. "Za mu gina... za mu..." Wani gumi mai sanyi ya keto mini. Na hangi masallaci can ƙarshen kasuwa, na san ko da fiffike ba zan kai ba. Ga banɗakin kansila kuwa, taku ashirin, sai sheƙin fenti yake yi kamar yana kirana.

Na diro daga benci, na nufe shi da wata irin tafiya ta matse ƙafa. Ƙofa huɗu, kwaɗo huɗu. Wani mai dako ya ɗaga murya, "Malam, makulli na wurin Mama!"

Innalillahi. Na dawo gabanta, na durƙusa, na yi ƙasa da murya iyakar iyawata. "Mama, don girman Allah, makulli." (Na manta abin magana yana hannuna. Har masu yankan kaji da ke bakin titi sun ji.)

Ta fara kwance bakin zanenta inda ta ɗaure makullin, a hankali, kamar mai tsince shinkafa. "Ɗana, ba kai ka ce ba a cin masai ba?"

"Mama, na tuba!" Wannan ma lasifika ta ɗauka.

Gaskiya ɗaya ce, wurin tsaf yake, ga ruwa, ga buta, har da sabulu. Na daɗe a ciki, rabi don lalura, rabi don kunya. Da na fito, masu dako sun yi layi suna jirana. Wani ya ce, "Malam, yaya ka ga aikin kansila?" Na ce, "Aiki ya yi kyau." Tafin da aka yi mini a nan ya fi na jawabin. Na waiga, motar Alhaji ta tafi da lasifikarta, da sakatarancina a ciki.

Mama ta jiƙa mini kanwa na sha, da ta ji abin da na karya da shi, ta ce in riƙa shinshina fura kafin in kafa kai.

Kansilan ya koma kujerarsa, har yau kuma bai iya jawabi ba. Ni ma na koma ajina. Abin da na koya shi ne, baki yana tara jama'a, amma ranar da ciki ya murɗa, wanda ya gina ake nema. Wanda na zaɓa kuwa, ƙuri'a sirri ce. Sai dai mutum ba ya manta wanda ya rufa masa asiri.