Ranar da Na Sa Aka Goge Kwanon Rufi

Kwanon rufi nake sayarwa a kasuwar Wunti, kuma a ganina ba wanda ya fi ni sanin ƙarfe. Wata damina kwanukana suka dushe. Ƙanena, mai nazarin ƙarfe a jami'a, ya ce, "Yaya, dushewar nan rigarsu ce, ita ke hana tsatsa. Kada ka taɓa."

Na yi murmushi kawai. A raina ina hango rufin unguwar Tirwun kaf yana walƙiya, ana cewa kayan Alhaji ne. Na sa aka dirje su da samfefa, na zauna ina kallon gajimare suna yawo a cikinsu.

Gajimaren suka zubo ruwa. Kwanukan suka yi jawur, ba mai saye.

Har yau maƙwabtana in sun hango ni sai su ce, "Alhaji Madubi, yau me za a goge?"