Jakada Ya Kai Iyayensa Istanbul

Duk faɗin Damanhur babu wanda ya san duniya kamar Ustaz Midhat. Ba a bakin kowa aka ji wannan ba, a bakinsa aka ji, kuma mutumin da yake da hatimi uku a teburinsa na ofishin ruwa ba ya ƙarya. Gaskiya ne bai taɓa wuce Iskandariya ba. Amma yana da fasfo, yana da jakar ratayawa a wuya, yana da baƙin tabarau da ba ya cirewa sai zai yi alwala. Masu zaman gidan shayi suna kiransa Jakada. Shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce, har yatsu biyu yake ɗaga musu.

Ya ba arba'in baya, yana nan a ɗakin da aka yi masa kaciya, uwarsa ke goge masa riga. Ran nan tausayi ya kama shi, ya ce zai fita da iyayensa hutu su waye. Kuɗin jirgi na mahaifinsa ne, Hajj Abdulbari mai sayar da tayal na daɓen ɗaki. Basirar kuwa tasa ce, kuma kowa ya san basira ta fi kuɗi tsada.

A filin jirgin Alƙahira ya tsayar da su ya yi huɗuba.

"Baba, Mama, daga nan ba mai magana sai ni. Ƙasar waje ba kasuwar kifi ba ce. In an tambaye ku, ku dube ni. In ba a tambaye ku ba, ku dube ni."

"To, ɗan nan," in ji uwar, Sitt Nawal. "Ka zaga kafin mu hau?"

Batun harshe bai dame shi ba, don Jakada ya iya Turkanci. Shekaru ya kwashe yana kallon wasannin Turkawa a talabijin, waɗanda aka juya muryoyinsu zuwa Larabcin Sham, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa juyawa aka yi. A saninsa Turkanci Larabci ne da ɗan lanƙwasa harshe da yawan kallon nesa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da suka isa masauki ya dafa ƙirji, ya dubi mai ba da ɗakuna.

"Ya kai ma'abocin wannan fada! Mun zo daga nesa, zukatanmu cike da gajiya da sirri!"

Mutumin ya saki baki.

"Kun gani?" Jakada ya juyo. "Kwarjini ke nan. Ya rasa ta cewa."

Kafin ya gama juyowa Sitt Nawal ta nuna yatsu uku, ta ɗora kunci a tafin hannu, an miƙo mata mabuɗi.

A gidan abinci ya ƙi duban hotunan girki, wai aikin 'yan ƙauye ne. Ya zaɓi layi mafi tsawo a ƙasan takardar, ya ɗora yatsa, ya ce a kawo uku. Ashe layin godiya ne ga masu ziyara. Mai hidima ya dafa ƙirji, ya rusuna sau uku, ya tafi abinsa. Suka yi ta zama.

"Abincin manya ba a yi masa gaggawa," in ji Jakada, cikinsa na ƙugi kamar injin ban ruwa.

Hajj Abdulbari ya gaji da jira. Hannu ya zura a jakar matarsa ya zaro gurasa da tsohon cukun gida. Jakada ya kawar da kai don takaici, ya miƙa hannu ta ƙarƙashin tebur.

Ranar da za su haye ruwan da ya raba birnin biyu ya sayi jar lema, don ya ga masu yi wa baƙi jagora suna ɗaga irinta. Ya wuce gaba yana bayani kan sarakuna da yaƙe-yaƙen da bai tabbatar an yi ba. Iyayen suka ga mai gasa masara, suka samu benci suka zauna. Shi bai waiwaya ba. Da ya waiwaya, sai ya ga ayarin Koriyawa masu yawon buɗe ido a bayansa, sun ɗauka lemar jagoransu ce. Wani zai tsorata. Jakada cewa ya yi, "Daraja ba ta ɓuya." Ya ja su cikin jirgin ruwa, ya yi musu lacca har tsallake, suna ta gyaɗa kai suna ɗaukar hotonsa. Can jagoran gaske ya iso a wani jirgin yana haki, ya kwashe mutanensa, ya haɗa har da lemar.

Jakada ya laluba jakar wuya. Ba waya, ba fasfo, ba ko kati mai sunan masauki: Sitt Nawal ta kwashe tun safe, don ta san ɗanta. An ce matambayi ba ya ɓata, to amma duk wanda ya yi wa Turkancinsa sai ya ba shi hanya da sauri.

A can kuwa uwar ta cika ofishin 'yan sanda da kuka. Aka nemo mai jin Larabci.

"Yarona ne ya ɓata! Fari, mai kumatu, ba ya cin albasa, yana tsoron kyanwa."

"Shekarunsa nawa, Hajiya?"

"Ƙaramin yaro ne, ɗana. Ko aure bai yi ba."

Aka baza cigiyar yaro mai kumatu har la'asar, kafin Hajj Abdulbari ya tuna ya ambaci gashin baki. Aka tsinto shi a kan matakalar tashar jiragen ruwa, ya naɗe ƙafafu, kyanwoyi sun kewaye shi, tabarau na ɓoye abin da hanci ke tonawa. Aka kawo shi ɗakin ajiye ɓatattun yara, inda kujeru ba su kai gwiwa ba. 'Yar sandar da ta tanadi balan-balan da alawa ta dube shi, ta dubi uwar, ta ga ai an riga an saya, ta ba shi.

Da suka fito ya gyara wuyan riga, ya yi gyaran murya.

"Kun ga yadda hukuma ke karrama manyan baƙi? Mota guda suka turo mini, da jiniya. A Damanhur wa aka taɓa yi wa haka?"

"Babu," in ji Hajj Abdulbari. "Kama hannun uwarka, za mu tsallaka titi."

Jakada ya mayar da balan-balan hagu, ya kama.