Ranar da Na Rina Alhaji Kore

Ranar da Kawu ya tafi Malumfashi ya bar mini shagonsa na buga takardu a Funtua, ji nake kamar ni na ƙera injin. Har hularsa na kafa.

Aikin kalandar ƙungiyar manoman auduga ta Dandume ne, kuma washegari za a raba ta a taro. Kawu ya ce in fara buga kore a gefe-gefe, in bar tsakiya fari, idan ya bushe in ɗora baƙi. Na nemi 'yar takardar samfurin launin na rasa, na ce ai idona ya fi samfuri. Na kwaɓa shuɗi da rawaya. Farin tsakiyar nan kuma na ga ɓarnar wuri ne, sai na sa kore ya malale shafin duka.

Da baƙi ya hau, sunayen mambobi suka nutse kamar an jefa su rijiya. Hoton shugaban ƙungiyar rungume da audugarsa ya fito kore shar.

Da yamma sai ga shugaban da kansa. Ya daɗe yana kallon hoton.

"Yaro, wannan wane ne?"

"Kai ne, Alhaji."

"To, abin da na rungume, auduga ce ko kuɓewa?"

Na gyara hula na ce, "Ranka ya daɗe, sabon yayi ne daga Kaduna."

Kawu ya dawo ya sake aikin da ƙyar, ya liƙa nawa a ƙofar shago. Har yau, ko 'yan talla suka hango ni sai su ɗaga murya: "Sabon Yayi, kuɓewar Alhaji ta isa tsinka?"