Famfon Auta

"Lafiya ƙalau na tashi, Amarya, sai yanzu da na gan ki kaina ya fara sarawa."

"Ba ganina ba ne, Ango, shekaru ne. Matsa in wuce, ka tare ƙofa sai ka ce akwai abin sata a gidan."

Haka suke gaisawa tun tana 'yar shekara huɗu. Shi kakanta ne na wajen uba, tsohon mai gyaran famfo da ya yi shekara arba'in yana rarrafe a kicin ɗin mutane kafin gwiwoyinsa su ce sun gaji. Ita kuwa jikarsa ce ta fari, tana aiki a kantin sayar da magani, amma a bakinsa har gobe Amarya ce, matar da ya ce ƙaƙaba masa ita aka yi. A safiyar nan bai matsa daga ƙofar da wuri ba, don idonsa ya sauka a kan kwandon roba mai murfi da ke hannunta, ya kuwa san abin da ya kawo kwandon.

Kyanwar gidan ce ba lafiya. Sunanta Auta, don marigayiya matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta ce ita ce 'yarta ta ƙarshe, duk mai ja ya zo ya same ta. Kwana biyar ke nan da Amarya ta kai ta wurin likitan dabbobi, bayan ta yi ta sintiri zuwa bahon yashinta tana tsugunawa tana kuka, fitsarin bai wuce ɗigo biyu ba, shi ma da jirwayen jini. Likita ya ce kumburin mafitsara ne. Ya ba da ƙwaya ɗaya kullum da maganin ruwa, ya hana busasshen abincin nan na leda, ya ce sai na gwangwani mai romo, kuma ta sha ruwa sosai. Jiya da yamma mahaifin Amarya ya yanke hukunci: tsoho ba zai iya jinya ba, a je a ɗauko kyanwa. Amarya ta ce to, amma zuciyarta ba ta ce to ba. Wata biyar ke nan da rasuwar Inna, kuma ta san a gidan nan Auta kaɗai ce Kaka ke yi wa magana.

"Wannan kwandon fa?" ya tambaya. "Kayanki kika kwaso za ki tare? Ban shirya ba, ban ma yanke shawarar ko ina sonki ba."

"Wa zai tare a gidan da miji ba haƙori? Baba ne ya aiko ni in ɗauki Auta."

"Auta tsararki ce? Gwaggonki ce, ƙanwar ubanki. Ki durƙusa ki gaishe ta."

"In ta daina fitsari a kan darduma zan durƙusa."

"Ke shekara nawa kika yi kina yi min a kan cinya? Na kai ƙararki wurin wani?"

Amarya ta ajiye kwandon a bayan ƙofa inda ba zai riƙa ganinsa ba. Gwaggon tata tana kwance a kan kujerar Inna, ta naɗe ƙafafu, ko kallo ba ta yi musu ba. Ta rame kaɗan, gashinta ya yi yamutsa-yamutsa.

"Ka ba ta maganin yau?"

"Tun kina barci kina minshari."

"Ta haɗiye?"

"Da idona na gani. A cikin naman kifi na cusa, ta lashe faranti tas."

Amarya ta durƙusa ta ɗaga gefen tabarmar robar da ake ɗora farantin Auta a kai. Ga su nan a jere, fararen ƙwayoyi uku, an lashe su ƙal, ko ƙamshin kifi babu a jikinsu.

"Ango, waɗannan fa? Shuka su ka yi?"

Kaka ya gyara tabarau, ya sunkuya, ya ɗago. "Wannan ba ni aka cuta ba, kamfanin maganin aka raina."

"Kyanwa ta yi maka wayo kwana uku a jere."

"Jinin uwarta ne. Ita ma Inna haka take ɓoye min abu. Ni da za ku bar ni, da rabin farasitamol ɗina na jefa mata, ta miƙe."

Nan wasa ya tsaya cak a fuskar Amarya. "Kada ka kuskura, Kaka. Ko ɓalli ɗaya kashe ta zai yi. Maganin mutum ba na kyanwa ba ne."

"Na ji. Ai ban ba ta ba." Ya yi ƙasa da murya. "Wallahi ban ba ta ba."

Ta yarda da shi, don in ya rantse ba ya haɗawa da zolaya. Sai a lokacin ta lura da bayan hannayensa, duk yakushi ne, wani sabo wani ya fara bushewa. Ashe tsohon ya sha gwagwarmaya shi kaɗai kafin ya koma dabarar kifi. Tausayinsa ya kama ta, amma ta san in ta nuna zai ji haushi, sai ta ce, "Dubi hannu sai ka ce ka yi dambe da injin niƙa. Ɗauko min tawul."

Ta naɗe Auta a tawul har wuya, ta zaunar da ita a cinyar Kaka, bayanta a jikin cikinsa. Ta nuna masa inda zai sa yatsa biyu a gefen muƙamuƙi, yadda zai ɗaga kan kaɗan, ya saka ƙwayar can bayan harshe, ya rufe bakin ya shafa maƙogwaro.

"Kada ka saki sai ka ga ta lashi hanci. In ta lasa, ta haɗiye."

"Wa ya koya miki wannan mugunta?"

"Likita. Kai ma haka zan fara yi maka da maganin hawan jini."

"Tawul ɗin da zai naɗe ni ba a saƙa shi ba tukuna."

"Zanen gado zan kawo."

Auta ta lashi hanci, ta harare su. Maganin ruwan ya fi sauƙi, sirinji ne marar allura, a zura ta gefen baki a matsa a hankali. Da aka kwance ta, ta dira ƙasa ta girgije jiki, ta nufi kicin da tafiyar wadda aka ci wa mutunci.

"Abincin fa?"

"Na gwangwanin nake ba ta. Na ledar na kai saman kabad, tana kallonsa tana zagina. Jiya na ƙara ruwan ɗumi a kai kamar yadda kika ce, ta ci naman ta bar min romon."

"Ruwa fa? Tana sha?"

Kaka ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ce ta biyo shi. Akwai kwano cike da ruwa a bakin ƙofar ɗaki. Akwai wani a ƙarƙashin taga. Akwai roba a lungun talabijin, da murfin tukunya a baranda, har da kofin shayinsa na tangaran wanda ko 'ya'yansa ba ya bari su taɓa. Amarya ta ƙirga bakwai, kuma duk a cike suke maƙil.

"Safe da yamma nake canzawa," ya ce. "Na gwada mai sanyi, na gwada mai ɗumi. Shinshinawa take yi ta wuce. Shekara arba'in ina kai wa mutane ruwa har ɗakin kwanansu, yau na kasa shayar da kyanwa ɗaya."

Amarya ta dubi kofin shayin nan cike da ruwa. Likita ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: magani zai rage zafin, amma in ba ta shan ruwa ciwon zai yi ta dawowa. In haka ne, maganar mahaifinta ce za ta tabbata, ta fita da kwandon nan da nauyi.

A kicin suka tarar da Auta. Ta hau gefen wurin wanke-wanke, ta zauna ta zuba wa kan famfo ido. Can ta miƙa hannu ta taɓa bakinsa, ta duba tafin, ta sake taɓawa.

"Kullum haka take yi," in ji Kaka. "Na buɗe mata, ruwan ya zubo da ƙarfi, ta gudu. Ina jin ciwon ya taɓa mata kai."

Amarya ta tsaya. Wani abu ne ya ɓace a kicin ɗin nan, ba kuma a ido ba, a kunne. Ta yi shekaru tana wanke kwanuka a nan kusa da Inna, kuma ba ta taɓa jin wurin ya yi shiru haka ba.

"Ango, wa ya gyara famfon nan?"

Kaka ya ɗaga ƙirji. "Wa kuwa? Shekara tara yana ɗiga. Gidan mai gyaran famfo guda, abin kunya. Duk ranar da na ɗauko sufana sai kakarki ta tare wurin ta ce in bar mata kayanta. Ta sa kwano a ƙasa tana tara ruwan tana ba shukokinta, wai ba a asara. Aikin minti biyar ne, 'yar robar ciki ce ta cinye."

"Yaushe ka gyara?"

"Wata ɗaya da 'yan kwanaki."

"Kuma a ina Auta take shan ruwa tun da aka kawo ta gidan nan?"

Kaka ya dubi famfon, ya dubi kyanwar, ya dubi hannunta da ke ɗage a ƙarƙashin busasshen bakin ƙarfe. Ya jawo kujera ya zauna.

"Ba ta taɓa sha a kwano ba, Kaka. Ɗigon take tara da harshe. Ni na sha gani, ina wanke-wanke tana ture min hannu."

"Inna ba ta gaya min ba," ya ce a hankali. "Shekara tara, ba ta taɓa cewa don Auta ne ba."

"Ta faɗa. Kai ne in ka ga famfo na ɗiga ba ka jin maganar kowa."

Ya daɗe yana murza goshi. "Ba don kunya na gyara ba, Amarya. Da tana nan ban ma jin ƙarar, surutunta ya rufe. Da ta tafi sai ya zama shi kaɗai ke magana a gidan, ɗis, ɗis, tun safe har yamma. Na kasa jurewa."

Idon Amarya ya ciko. Ta juya ta yi kamar tana gyara zaman kofuna, har sai da muryarta ta dawo daidai.

"To ba kai kaɗai ka jawo ciwon ba, likita ya ce har da damuwa, ita ma ta yi rashi. Amma dai ka ji kunya. Mutane na lalata abu da rashin sani, kai da ƙwarewa ka lalata."

"Ki iya bakinki. Sassauta kan famfon kawai za a yi."

Ya gwada. Ya murɗa kaɗan, ba komai. Ya ƙara, ruwa ya tsinke kamar zare, Auta ta ja da baya. Ya mayar, ya ɗauke ɗif.

"Ka gani? Aikinka ya yi kyau da yawa. Sai mun nemo wanda bai iya ba."

"Ke ce ai. Amma ba zan bar ki ki taɓa min famfo ba ko da za ki sake ni."

"Mace ce ke saki yanzu?"

"Irinki za ta iya."

Ya tura ta ɗaki ta ɗauko akwatin kayan aikinsa. Ya buɗe wani ƙaramin gwangwanin alewa a ciki, ya tona cikin kusoshi, ya fito da wata 'yar roba baƙa, zagayayya, gefenta a cinye.

"Ba ka yar ba?"

"Mai gyara ba ya yar da komai." Ya juya ta a tafin hannu. "Wannan kuwa ko ba ni da sana'a ba zan yar ba."

Ya rufe ruwan daga ƙasa, ya kwance kan famfon. Ya zare sabuwar robar, ya mayar da tsohuwar, ya ɗaure, ya buɗe ruwa. Suka tsaya su uku suna kallo. Ɗigo ya taru a bakin ƙarfen, ya yi nauyi, ya faɗi. Amarya ta tura kwano a ƙasa.

Auta ba ta yi gaggawa ba, sai da ta bari guda biyar suka wuce don kada a ce ta matsu. Sannan ta karkata kai, ta miƙa wuya, ta fara tara da harshe. Ta sha, ta sha, har gashin haɓarta ya jiƙe.

"Zan gaya wa Baba ba ta ɗaukuwa," in ji Amarya. "Sai dai in za a cire famfon a haɗa mata. Zan riƙa biyowa kafin in tafi aiki har maganin ya ƙare. In ka ga ta tsuguna ba abin da ya fito, ka kira ni nan take, mu koma wurin likita."

"Na ji, uwar iyayi."

"Saura abu ɗaya. Ka ce na fi ka sanin famfo."

Kaka ya fashe da dariya, irin wadda ba a ji a gidan ba tun wata biyar, har ya goge ido da bayan hannu.

"Kin ci, Amarya. Yau kam kin ci. Kawo hannunki." Ya zura mata sabuwar robar a ƙaramin yatsa, ta tsaya a gaɓar farko. "Ga zobenki. Amma in abokan sana'ata suka ji na sa wa famfo lalatacciyar roba da hannuna, auren ya mutu."

"Ƙarar fa? Za ka iya jurewa?"

Ya saurara. Ɗigon yana faɗuwa, harshen Auta yana tare wani, wani yana kuɓuce mata ya faɗa kwano.

"Bar shi ya yi ta yi," ya ce. "Yanzu na ji abin da Inna take faɗa."