Hoton da Aka Ɗaukar wa Suruki Ranar Husufi

Masu ba da wannan labari sukan ce wai mutumin mantawa ya yi bai cire murfin kyamara ba. Wannan ba daidai ba ne, kuma faɗar malalata ce. Ya cire murfi, ya goge gilashi, hoto kuma ya ɗauku. A gyara zama a ji yadda aka yi.

Wani mai ɗaukar hoto ne, yana da shago a bakin titi, da labule mai zanen furanni da kujera guda ta zaman kwastoma. Surukinsa tsohon malamin kimiyya ne, wanda ya shekara talatin yana zana wa ɗalibai husufin rana a allo, amma bai taɓa ganin cikakkensa da idonsa ba. Ana saura kwana uku a yi shi, likita ya yi masa aikin yanar ido, ya naɗe idanun da bandeji.

Tsoho ya aika aka kira mijin 'yarsa, wanda bai taɓa yaba wa ko da gaisuwarsa ba.

"Kai, mai hoto. Minti biyu kacal wata zai rufe rana. Ka ɗauko mini. In ka yi wannan, zan yarda 'yata ba ta yi asara ba."

"Baba, rana ce za ta gagare ni? Ni da na ɗauki 'yan uku suna tsala kuka, kowa ya fito yana murmushi!"

Da ranar ta zo, ya hau saman bene, ya kafa kyamara, ya sa mata baƙin gilashi. Matarsa na gefe riƙe da agogo. Ya leƙa, ya fara yi wa rana magana yadda ya saba yi wa masu zama a kujerarsa.

"Yauwa, ranki ya daɗe. Ɗan ɗago haɓa. Kar ki motsa!"

Can sai gari ya yi duhu. Kaji suka nufi akurki, taurari suka fito tsakar rana, unguwa ta kaure da sowa. Gogan naku ya saki kyamara, ya harɗe hannu.

"Shi ke nan, haske ya tafi. Mu jira ya dawo."

"Mu jira me?" in ji matar. "Duhun nan aka aiko ka ɗauka! Cire baƙin gilashin ka danna, baban yara, saura daƙiƙa talatin!"

Ya cire yana gunaguni, ya kunna fitilar kyamara wai don ya haska wa rana fuska, ya danna sau ɗaya. Allah da ikonsa, hoto ya fito tsaf: baƙin faifai a tsakiya, farin haske ya bazu kewaye da shi.

Ya kulle shago, ya zauna gaban kwamfuta. Yana buɗe hoton ya dafe ƙirji.

"Subhanallahi! Kamar an kifa mata tukunya a fuska!"

Nan ya naɗe hannun riga. Ya kankare baƙin faifan, ya cike gurbin da rawaya. Farin hasken nan kuwa ya ce gashi ne ya tashi buzu-buzu, ya kwantar da shi. Sama ya maishe ta shuɗiya, ya ƙara gajimare biyu da tsuntsu ɗaya kyauta. Sannan ya goge na asalin, domin a shagonsa ba a tona asirin kwastoma. Ya wanke hoton, ya sa shi a firam.

Ranar kwance bandeji, 'ya'ya da jikoki suka cika ɗakin likita. Tsoho ya ce kada kowa ya tsaya gabansa, hoton yake so ya fara gani. Aka miƙa masa. Ya duba, ya nisantar, ya kusantar.

"Mene ne wannan?"

"Rana ce, Baba."

"Na san rana. Shekara saba'in tana dukana. Ina husufin?"

"Na cire shi. Kwana biyu na yi a kansa, Baba, ya kama ta sosai."

"To ina na asalin?"

"Na goge."

Tsoho ya juya a hankali. "Likita, don Allah mayar mini da bandejin nan."

Mai hoto ya tafa hannu.

"Haba Baba, kai ma ka yi adalci! Wace ce za ta yarda a rataye ta a bango da irin wannan tabo a fuska?"