Ranar da Ɓerayen Dokta Suka Ƙoshi

Duk Birnin Kebbi, daga Badariya har bakin kasuwa, babu mai kai irin na Dokta Musaddiq. Shi ma ya sha faɗin haka. Masanin ƙwaƙwalwa ne, gwanin sanin yadda ake tunawa da yadda ake mantuwa. 'Yan ofis suka laƙaba masa Dokta Ba-Mantuwa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, ya ɗauka sarauta ce. Farar rigar aikinsa ko ɗaurin aure da ita yake zuwa, a saman babbar riga. In ka gaishe shi sai ya ce, "Ka san jijiyar da ta motsa a kanka kafin ka gane ni?" Kai da ka zo gaisuwa sai ka tafi da lacca.

Aikinsa da ɓeraye ne farare tas, ana koya musu bin wani akwati mai lunguna har su kai ga ƙwayar gyaɗa. Wallahi Dokta bai taɓa riƙe ko ɗaya ba, tsoronsu yake ji. Roda, ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwajen, ita ce shekara bakwai tana horarwa, tana aunawa, tana rubutawa. Shi nasa sa hannu da jawabi.

To, sai ga babbar rana. Za a buɗe sabuwar cibiyar bincike, kwamiti zai zo ya ga aikin kowa ya zaɓi darakta. Dokta tuni ya faɗa wa surukansa kujerar tasa ce. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai, kada baƙi su ga Roda tana aiki su ɗauka da ita aka yi. Da sassafe ya tura ta Argungu.

"Ki samo muna manyan kifi na baƙi. Kar ki yi gaggawa."

Tana fita ya leƙa kejin ɓerayen, daga nesa dai. Sai ya riƙe baki.

"Subhanallahi! Wagga rama hwa? A ce ɓerayen Dokta Musaddiq na kwana da yunwa?"

Bawan Allah bai san da gangan ake rage musu abinci kafin gwaji ba, don ɓera sai da yunwa yake neman hanya. Ya sa ludayi ya zuba musu gyaɗa, ya ƙara ƙuli-ƙuli, har da ragowar masarsa. Suka yi ta ci ba ƙaƙƙautawa.

Da hantsi kwamiti ya iso, Farfesa Zuhura ce shugaba. Dokta ya gyara murya, ya yi minti arba'in yana bayanin kansa, sannan ya ce, "Yanzu ku ga abin da hannuna ya horar."

Ya tura ƙofar keji da rula. Ɓeran farko ya fito da tumbi, ya yi taku biyu, ya wanke fuska, ya miƙe ƙafa sai barci.

"Nazari yake yi," in ji Dokta.

Na biyu ko fitowa bai yi ba. Na uku ya fito, ya je ya kwanta a kan na farko. Zufa ta fara jiƙa farar rigar nan.

Farfesa ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki littafin gwaje-gwajen da ke kan tebur, ta yi ta buɗawa tana gyaɗa kai.

"Dokta, aikin da ke cikin nan mai kyau ne ƙwarai. Wa ke rubuta shi?"

"Wata ce a ƙarƙashina, ranki ya daɗe."

"Za mu sa ta a rahotonmu. Yaya sunanta?"

Dokta Ba-Mantuwa ya buɗe baki. Ya dubi silin, ya dubi ɓeraye, ya sosa ƙeya.

"Rejoice... a'a, Rahila... Wata doguwa dai haka."

Farfesa ta rufe alƙalaminta. "Bar shi, Dokta, kar ka wahalar da ƙwaƙwalwa. Za mu jira ta. Kai dai samo mana kujeru."